Alhamdulillah, an ɗaura min baƙin bel

Jikina har yanzu ba nawa ba ne. Da ƙyar yatsuna ke bin waya, amma in na ce sai gajiya ta sake ni, godiyar nan za ta huce. Alhamdulillah. Shekara 6 a kareti, da ciwon gwiwar da kuka sani, da faɗuwar da na yi a jarrabawar bara, jiya Allah Ya share min hawaye.

A tsakiyar Bassai Dai kaina ya ɗauke wuta. Kata ce, wato jerin motsin da mutum ke haddacewa ya nuna shi kaɗai, mai motsi 42, na yi ta ba adadi, ko daga barci aka tashe ni zan yi ta. Sai ga ni tsaye cak, hannu a sama, ban san dama ba, ban san hagu ba, kuma daidai wurin da ta kayar da ni bara. Ɗaki ya yi tsit, bugun zuciyata kawai nake ji. Dattijon da ke zaune tsakiyar alƙalai, wanda ko manyanmu ba sa iya haɗa ido da shi, ya ajiye bironsa ya ce, "Ɗana, ja numfashi. Koma inda ka fara." Bai ɗaga murya ba, bai duba agogo ba. A ka'idar kata, inda ka fara nan kake ƙarewa, don haka na san wurin, gumina ma bai bushe a kai ba. Na koma, na sake daga farko. Da na kai kiai na ƙarshe, wato ihun da ake yi wajen kai bugu, rabinsa ihu ne, rabinsa kuka. Baba, ba lallai ka ga wannan rubutu ba, amma Allah Ya gani. Allah Ya yi maka sassauci ranar da kowa ke neman sassauci.

Sensei, malamina, ka hana a ambace ka, yau dai ka yi haƙuri. Watanni 8 da likita ya hana ni kai shuri, kai ka riƙa ajiye min kujera a gefen fili don kada zuciyata ta bar wurin. Kana ɗaura min bel kana tuna min cewa shodan, wato baƙin bel ɗin nan, matakin farko ne, wai Gichin Funakoshi, wanda ya kai kareti Tokyo daga Okinawa a 1922, sai 1924 ya fara ba da shi, tsarin ma daga judo ya aro. Wato yanzu na zama ɗalibi, bayan shekara 6! Allah Ya ƙara girma, Ya raya zuri'a.

Yayyena na ɗakin atisaye da kuka sha naushina a kumite, wato gwajin faɗa tsakanin mutum biyu, ba ku taɓa ramawa da zafi ba, na gode. Maman yara, ke kika san yawan ƙanƙarar da gwiwar nan ta sha da tsakar dare, Allah Ya biya ki da Aljanna. Mama, ke da kike ce wa kareti wasan yara, jiya kin riga kowa zuwa.

Kujeru 4 na kama wa 'yan uwa da suka ce lallai da su, har aka tashi jakunkuna ne a kansu. Ba komai, Allah Ya sa lafiya.

Sensei ya ce atisaye na nan ranar Litinin, in zo da wuri, ni ke da sharar ɗaki.