Alhamdu lillahi, an buɗe, babu abin da ya fashe

Alhamdu lillahi. Jiya aka buɗe baje kolin kayan tarihin nan, ko ƙwarzane babu a jikin abu ɗaya. Wallahi sai da aka kulle akwatin gilashi na ƙarshe sannan na samu natsuwar zama.

Kun san irin wahalar da muka sha tun da katakon akwatunanmu na farko ya faɗi gwajin Oddy, wanda aka ƙirƙiro a gidan tarihin Birtaniya a 1973: ana rufe ɗan katakon da guntayen ƙarfe irin su dalma a kwalba, don a ga ko tururinsa zai ɓata kayan tarihi. Kwana 28 muna jira, da aka buɗe kwalbar sai ga guntun dalmar ya yi fari fat, ashe katakon tururin asid yake fitarwa. Haka aka sake akwatunan tun daga tushe.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da za a wayi gari a buɗe. Tsohon tulun nan mai tsaga a wuya, muna ɗora shi kan mazauninsa sai ya karkata. Gabana ya faɗi, hannuna ya nufi wuyan, daidai kan tsagar. Baba maƙerinmu ya riƙe ni, ya ce, "A'a ɗiyata, ta gindi ake tallabo shi, da hannu biyu." Har ƙarfe biyun dare yana lanƙwasa wayar tagulla, yana naɗe kowane baki da abu mai laushi don kada ƙarfe ya gogi yumɓu. Na kawo shawarar gam, ya ƙi: abin da ba zai ciru gobe ba, ba ya sa wa kayan tarihi. Na san ba ka son a ambace ka, Baba, ka yafe ni, dole na faɗa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya jiƙan mahaifa, ya albarkaci zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Yaya mai kula da ma'aji, ke kika riƙe laimar ɗakin tsakanin kashi 45 da 55, kina sauya ƙwayoyin silika masu tsotse laima ba gajiyawa. Masu wuta kuma sun rage hasken zannuwa da rubuce-rubucen hannu zuwa luks 50 a ma'aunin haske. Masu cewa ɗakin ya yi duhu ku yi haƙuri, launin da haske ya ci ba ya dawowa.

'Yan'uwana da suka yi alkawarin zuwa, na daɗe ina leƙen ƙofa jiya. Ba komai, tulun yana nan a akwati na farko, hannun dama.