Mutumin da ba ya shigowa ɗakin gwaji

A shekarun da na yi ina aikin ba da shawara da gwajin ƙwayar cutar HIV, mafi yawan waɗanda suka zauna a kujerar da ke gabana mata ne, kuma da dama daga cikinsu ba su kai shekara 25 ba. A farkon aikina na ɗauka cewa da zarar na yi wa yarinya bayani dalla-dalla kan yadda ake kamuwa da cutar da yadda ake kare kai, to na sauke nauyin da ke kaina. Ina da takardu masu hotuna, ina da kwaroron roba a aljihun tebur, jawabina kuwa na haddace shi kamar karatu. Sai da tafiya ta yi nisa na gane cewa mutum ɗaya nake yi wa nasiha a kan hukuncin da mutum biyu ke yankewa, kuma wanda maganarsa ta fi nauyi a cikinsu ba ya shigowa ɗakin.

Wadda ta fara buɗe mini ido wata matashiya ce 'yar shekara 19 da ta zo awon cikin fari. Da gwaji na biyu ya tabbatar da na farko, ta daɗe tana kallon layukan nan biyu da ke nuna tana ɗauke da cutar, ba ta yi kuka ba, sai ta ɗago kai ta ce, "Anti, ni fa ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi." Duk abin da na saba gargaɗin 'yan mata a kansa ta riga ta kiyaye shi tun kafin ta san ni. Mijinta ya girme ta da fiye da shekara goma, bai taɓa yin gwaji ba, kuma babu ko tambaya ɗaya a kansa a takardar da nake cikewa.

Daga baya na fahimci cewa labarinta ba baƙon abu ba ne. Alƙaluman UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, sun nuna cewa a shekarar 2023, kusan 'yan mata da matasan mata 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ne ke kamuwa da cutar a kowane mako a duniya, kuma 3,100 daga cikinsu suna ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bincike da aka gudanar a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu aka wallafa a 2017, inda masana suka bi sawun kamannin ƙwayar cutar daga jinin wannan zuwa jinin wancan domin su gano hanyar da take bi. Sun tarar cewa matan da ba su kai shekara 25 ba galibi suna ɗaukar ta ne daga mazan da suka girme su da kimanin shekara takwas zuwa tara, su kuma mazan daga matan da ke sa'anninsu, sannan idan yarinyar ta girma sai ta shiga sahun da wasu mazan za su ɗauka daga gare ta. Zagaye ne, kuma namiji ne ke tsakiyarsa.

Ba ina cewa tazarar shekaru ita kanta cuta ce ba, domin na ga ma'aurata da yawa masu irin wannan tazara suna zaune lafiya. Matsalar tana cikin abin da tazarar ke tafe da shi. Namijin da ya fi shekaru ya fi daɗewa yana mu'amala da mata, saboda haka yiwuwar ya riga ya kamu ta fi ta saurayi sa'an yarinyar. Jikinta kuma ya fi saurin ɗauka, musamman idan tana ƙarama bakin mahaifarta bai gama ƙwari ba, ko kuma tana da wani ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba. Sai kuma abin da ya fi waɗannan duka, wato iko. Yarinyar da wani ke biya mata kuɗin makaranta, ko yake ɗauke da ci da shanta, ba ta da bakin cewa ya sa kwaroron roba ko ya je a gwada shi, kuma idan ta yi ƙarfin halin faɗa, amsar da take samu sau da yawa ita ce, "Zargina kike yi, ko ke ce kike da abin ɓoyewa?"

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Da na gano muhimmancin mazan, sai na shiga matsa wa kowace yarinya cewa ta koma ta sanar da abokin zamanta, ta kuma taho da shi. Wata ta bi maganata, bayan mako guda ta dawo da kumburarren ido, an kore ta daga gida, an ce ita ta kwaso cutar tunda a jikinta aka fara gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2013 cewa a wasu yankuna matan da mazansu ke duka ko tilasta musu sun fi sauran mata haɗarin kamuwa da kusan ninki ɗaya da rabi, amma ni ban tambaye ta ko tana tsoronsa ba kafin na tura ta. Tun daga ranar, tambayata ta farko ita ce, me kike ganin zai faru idan ya ji? Idan akwai alamar haɗari, ba na ɗora mata wannan kaya, mu ne muke neman hanyar gayyatarsa ba tare da sunanta ya fito ba.

Su kansu mazan, da na fara zama da su, na tarar ba duka ne masu taurin kai ba. Mace tana da dalilan da ke kawo ta asibiti, kamar awon ciki da rigakafin yara, namiji kuwa sai ciwo ya kayar da shi, kuma lokacin da muke buɗe ƙofa shi ne lokacin da yake wurin neman abinci. Wani ya ce mini tunda an gwada matarsa ba a sami komai ba, ai shi ma an gwada shi ke nan. Wani kuma yana ganin kaciya ta gama kare shi, alhali abin da gwaje-gwajen Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda suka nuna shi ne tana rage haɗarin namiji ya ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari, ba ta hana shi sa wa matarsa idan ya riga ya kamu. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne jin cewa magani yana kare iyalinsu. Wani babban bincike na 2011 ya nuna cewa fara shan magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari, kuma yanzu an tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar har awo ba ya ganinta a jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Ina farin ciki da magungunan rigakafin da mace za ta iya riƙewa da kanta, daga ƙwayar da ake sha kullum zuwa allurar lenacapavir ta sau biyu a shekara, wadda a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda ba a sami ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin fiye da 2,000 da aka yi wa ita. Sai dai na ga yarinyar da ke ɓoye ƙwayoyinta a cikin safa don kada saurayinta ya ji ƙarar kwalba, na kuma ga wadda ta daina sha saboda ya gani.

Mun ƙara awannin aiki zuwa yamma, mun fara ba da abin gwajin da mutum zai yi wa kansa a gida, kuma na saka tambayoyi uku game da namiji a takardata: shekarunsa, ko ya san matsayinsa, da ko tana jin tsoronsa. Mijin matashiyar nan mai cikin fari ya zo wata rana da yamma, bayan wata biyu, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin hannunsa, ya tambaya ko gaskiya ne jaririn zai iya tsira. Na ce masa gaskiya ne, muddin tana shan maganinta, sannan na jawo masa kujera ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa.