Darussa kan ajiye sakamakon neman suna a tsarin fayil da bai bambanta babban baƙi da ƙarami

Duk lokacin da manhaja ta buɗe fayil, kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, sai ya bi hanyar gaɓa-gaɓa: ya nemo foldar farko, ya nemo ta biyu a cikinta, har ya kai ga sunan ƙarshe. Da a ce kowace gaɓa sai an je faifai, da kwamfuta ba ta motsa ba. Shi ya sa ake da ma'ajiyar wucin gadi a ƙwaƙwalwa, wadda masu aikin ke kira kash. A Linux sunanta dcache, kowace shigarwa a cikinta kuma dentry ce, ana gano ta da abu biyu: foldar da ke ɗauke da sunan, da sunan kansa. Idan tsarin fayil yana bambanta babban baƙi da ƙarami, lissafin a fili yake, domin rubutu ɗaya shigarwa ɗaya. Idan bai bambanta ba, rahoto.txt mai baƙaƙe 9 yana da hanyoyin rubutu 512, duka suna nuna fayil guda. Dole kash ya san haka, kuma ya san shi daidai yadda faifan ya sani, ba kusa da haka ba.

Abu na farko da ake koya shi ne hash, wato lambar da ake lissafowa daga suna, da aikin kwatance tare suke tafiya. Kash tebur ne mai ramuka, hash na sunan ne ke zaɓar ramin da za a duba, sai kwatance ya tantance waɗanda ke ciki. Wanda ya gyara d_compare, mai yin kwatancen, ya daina kula da girman baƙi amma ya bar d_hash, mai lissafa hash ɗin, yana lissafi a kan ɗanyen baiti, RAHOTO.TXT da rahoto.txt za su faɗa ramuka daban, kwatancen ma ba zai taɓa haɗa su ba. Sai a wayi gari da shigarwa biyu ga fayil ɗaya, a goge ta hanyar ɗaya, ɗayar ta ci gaba da cewa yana nan. Hanya biyu ce ke aiki. A cikin tsarukan fayil, ext4 tun Linux 5.2 a 2019, da f2fs tun 5.4, da vfat, suna daidaita sunan, wato su mayar da duk rubutunsa siffa ɗaya, kafin su lissafa hash, don haka kowane rubutu yana kaiwa rami guda. XFS a yanayin ascii-ci ya bar kash yana kwatance baiti da baiti, idan ba a samu ba sai a karanta faifai a saka sunan ainihi ta hanyar d_add_ci. Wannan ta biyun tana da tsabta, sai dai manhajar da ta saba rubuta sunan ba yadda yake a faifai ba, kullum sai ta sauka cikin tsarin fayil, kash bai amfane ta da komai ba.

Daidaitawar ita kanta ba aikin tolower ba ce, wato mayar da babban baƙi ƙarami kawai. A UTF-8, Ɗ baiti biyu ne, C6 8A, ƙaraminsa ɗ kuwa C9 97, babu ƙari ko ragin 32 da zai kai ka daga wannan zuwa wancan kamar yadda ake yi a ASCII. Tsawo ma yana canzawa: alamar Kelvin, U+212A, baiti 3 ce amma tana daidaituwa zuwa k mai baiti 1, ß na Jamusanci yana komawa ss, wasu baƙaƙen kuma ƙaraminsu ya fi babbansu tsawo. Wanda ya ware wa daidaitaccen suna wuri daidai da tsawon na asali ya shirya wa kansa ambaliya. Kada kuma ka bari saitin harshe na mai amfani ya shiga lissafin. A Turkanci ƙaramin I shi ne ı marar ɗigo, kuma kash na kowa ne, ba zai yiwu manhajoji biyu su samu amsa daban kan folda ɗaya ba. Ga kuma é, wanda za a iya rubutawa da lamba ɗaya, U+00E9, ko da e da U+0301 a bayansa. Ext4 yana ɗaukar su abu guda, don haka kash ɗin da ke samansa ma dole ya yi hakan. Sunan da ba ingantaccen UTF-8 ba ne, ko dai a ƙi shi tun wajen ƙirƙira, ko a ɗauke shi ɗanyen baiti a wajen hash da wajen kwatance duka biyun.

Ƙa'idar daidaitawa wani ɓangare ce ta tsarin faifai, ba kayan ɗakin karatun manhaja ba da za a sabunta duk lokacin da aka so. NTFS yana ajiye teburinsa a fayil ɗin $UpCase mai kilobaiti 128 a cikin faifan kansa, exFAT ma yana da nasa teburin, ext4 kuma yana rubuta sigar Unicode da yake bi, 12.1, a babban tubalinsa (superblock), inda ake ajiye bayanan tsarin fayil ɗin. Dalili shi ne fihirisar folda a faifai an gina ta ne a kan daidaitaccen suna, a ext4 ta hanyar hash ɗinsa. A ƙarshen 2024 an canza yadda Linux ke bi da lambobin Unicode da ake tsallakewa wajen kwatance, sai fayilolin da sunansu ke ɗauke da irin U+FE0F, wadda ke bin wasu emoji, suka daina buɗuwa: ana ganin su a jerin folda, amma sabon hash yana kai mai nema wani wuri daban. Dole aka janye canjin.

Inda aikin ya fi wuya, a ganina, shi ne amsar "babu". Kash ba abin da aka samu kaɗai yake riƙewa ba, har da abin da aka nema aka rasa. Wannan shaidar babu tana da daraja ƙwarai, domin manhajar harhaɗa lamba (compiler) tana leƙa folda bayan folda tana neman fayil ɗin kai (header) guda, haka ma mai loda laburare, kuma akasarin leƙen amsarsa babu ce. To ga abin da ke faruwa idan hash na daidaitaccen suna ne. Wata manhaja ta tambayi RAHOTO.TXT, babu shi, aka ajiye shaida mai ɗauke da wannan rubutun. Can sai mai amfani ya ƙirƙiri Rahoto.txt. Neman ya dace da tsohuwar shaidar, kanel ya miƙa ta ga tsarin fayil, shi kuma ya rubuta sunan da ke jikinta. Fayil ya sauka faifai da suna RAHOTO.TXT, wanda mai shi bai taɓa bugawa ba. Babu saƙon kuskure, kuma abin ba ya maimaituwa sai an bi wannan jeren daidai, shi ya sa ake daɗewa ba a gano shi ba. Gogewa ma tana haifar da irin wannan, tunda shigarwar fayil ɗin da aka goge takan rikiɗe ta zama shaidar babu da tsohon rubutunta.

Idan kuwa kash yana kwatance baiti da baiti, cutar sai ta juya. An tambayi rahoto.txt, babu. An ƙirƙiri Rahoto.txt, ya samu tasa shigarwar. Tsohuwar shaidar tana nan ba wanda ya taɓa ta, tana ta cewa babu alhali fayil yana zaune a faifai. Vfat yana da ƙari a kan wannan: ƙirƙirar dogon suna tana haifar da gajeren laƙabi irin na 8.3, wato baƙi takwas sannan uku bayan ɗigo, mai ~1 a ciki, don haka sunan da ba ya kama da wanda aka ƙirƙira ko kaɗan zai iya zama akwai nan take.

Magani mafi sauƙi shi ne wanda ext4 da f2fs suka ɗauka lokacin da suka kawo damar rashin bambanta girman baƙi, XFS ma haka: kada a ajiye shaidar babu a irin wannan folda, in an goge fayil kuma a kira d_invalidate a jefar da shigarwar. Yana da aminci, amma kowace tambayar da amsarta babu sai ta sauka fihirisa. Vfat ya fi dabara. Yana ajiye shaidar, sai ya manna mata lambar sigar foldar a lokacin da aka yi ta. Idan foldar ta canza, lambar ba za ta dace ba, sai a zubar. Idan kuma neman na ƙirƙira ne ko na sauya suna zuwa can, d_revalidate, mai sake tantance shigarwa, yana zubar da shaidar don a yi sabuwa da rubutun mai amfani. Ga wanda ke gina nasa kash, wannan tsarin nake ba da shawara: lambar siga ɗaya ga kowace folda, a ƙara ta a kowane ƙirƙira, gogewa da sauya suna. Ya fi bin 'ya'yan folda ɗaya bayan ɗaya ana neman waɗanda suka lalace.

Sauya suna daga rahoto.txt zuwa Rahoto.txt yana da nasa tarkon. Tushe da manufa suna kaiwa fayil guda, POSIX, kundin ƙa'idojin tsarukan irin Unix, kuma ya ce a irin wannan hali rename ya dawo da nasara ba tare da ya yi komai ba. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce a bi ta wani suna na wucin gadi. Haka nan sunan da ke jikin shigarwa zai iya zama rubutun wanda ya fara nema, don haka mai son sanin rubutun ainihi ya karanta jerin foldar, kada ya dogara da abin da getcwd, mai faɗin foldar da ake ciki, ya dawo da shi.

Tun Linux 2.6.38 a 2011 ana bin hanya ba tare da kulle ba, ta hanyar RCU, dabarar da ke barin mai karatu ya ci gaba ba tare da jiran mai rubutu ba. Ma'ana d_hash da d_compare ba su da izinin barci, kuma wani zai iya sauya sunan da kake kwatantawa kana tsakiyar karanta shi. Mai warware UTF-8 da baiti suka canza a hannunsa zai iya zarce ƙarshen suna, shi ya sa ake kwafe gajeren suna gefe kafin a fara. A fara gwada daidaiton baiti da baiti tukuna, domin yawancin nema da rubutun ainihi ake yin sa, kuma ya fi bin teburin Unicode arha nesa ba kusa ba.

Manhajoji ma suna da nasu kash, kuma a nan lamarin yakan zama na tsaro. A Maris 2021 Git, manhajar adana tarihin lamba, ya toshe kafar tsaro mai lamba CVE-2021-21300 a siga 2.30.2. Git yana tuna cewa wata hanya folda ce don kada ya riƙa tambaya. Ma'ajiyar lamba mai mugun nufi sai ta zo da folda da mahaɗin alama (symlink, fayil mai nuna wani wuri) waɗanda girman baƙi kawai ya raba sunansu. A faifan da bai bambanta ba, mahaɗin ya maye gurbin foldar, kash bai sani ba, aka rubuta fayil a inda mahaɗin ya nuna, har cikin .git, foldar da Git ke ajiye bayanansa. Samba da Wine kuma suna kwaikwayon halin Windows a kan faifan da ke bambantawa: in rubutun da aka ba su bai dace ba, sai su karanta foldar gaba ɗaya suna kwatance, kuma kowane sabon fayil sai ya biya wannan kuɗin kafin a tabbatar babu irinsa. A FUSE, hanyar gudanar da tsarin fayil a wajen kanel, kanel yana kwatance baiti da baiti, saboda haka a bar negative_timeout, tsawon lokacin riƙe shaidar babu, a sifili muddin tsarin da ke ƙasa bai bambanta ba.

Kada a ɗauka halin na faifai ne gaba ɗaya. A ext4 ana kunna shi folda-folda da chattr +F, foldar kuma sai ta kasance ba komai a ciki, waɗanda aka ƙirƙira a ƙarƙashinta su gada. Windows 10 tun siga 1803 yana ba da akasin haka ta fsutil, wato a sa folda ta riƙa bambantawa. Hanya ɗaya tana iya ratsa foldoji masu ƙa'ida daban, don haka kowace gaɓa uwarta ake tambaya.

Gwajin da ke kama yawancin waɗannan kurakuran gajere ne. Tambayi suna da manyan baƙaƙe, ƙirƙire shi da ƙanana, karanta jerin folda ka ga wane rubutu ya sauka. Goge shi, sake ƙirƙira da wani rubutun, sake dubawa. Maimaita da Ɗ da ɗ, da é ta hanyoyinsa biyu, da suna mai baiti 255. Yi duka sau biyu, sau ɗaya kash na ɗauke da kaya, sau ɗaya bayan ka rubuta 2 a /proc/sys/vm/drop_caches kafin kowane mataki. Duk matakin da amsoshin biyu suka saɓa, kash da faifai ba ƙa'ida ɗaya suke bi a wurin ba.