Na daina kallon murfi, na koma kallon wuta

Murhun gashi na gas na farko da na saya don in gyara in sayar, ƙyallinsa ne ya ja ni. Murfin sai ɗaukar ido yake, tayoyin lafiya lau, mai shi kuma ya ce bai fi sau goma aka kunna shi ba. Na biya ko tayi ban yi sosai ba, tsorona kada wani ya riga ni. Da na kawo shi gida na cire ragar da ake ɗora nama, na ɗaga ƙarafan da ke rufe bututun wuta, na sa bakin sukundireba na ɗan danna ƙasan kwandon wutar. Sai ta zarce. Tsatsa ta riga ta cinye ƙarfen, baƙin maiƙo ne kawai ya toshe ramukan. Wannan murhun ban sayar da shi ba, kwance shi na yi, na tsira da tayoyi da maɓallai da murfin da ya yaudare ni.

Tun daga ranar, in na je duba murhu ƙasa nake fara durƙusawa. Raga da bututun wuta da abin ƙyasta wuta duk ana canza su, an ma yi su ne don su ƙare a sake. Kwandon wuta da ƙafafun da ke ɗauke da shi su ne murhun, in suka tafi babu sauran magana. Shi ya sa nake neman tsofaffin da aka zuba kwandonsu da alminiyam, irin Weber Genesis da aka fara fitarwa a 1985, domin alminiyam ba ya tsatsa. Za ka tarar da shi baƙi ƙirin, ya shekara ashirin ruwa na dukansa, amma in ka kankare sai ka ga jikin nan garau. Ina kuma yawo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Ƙarfe marar tsatsa iri-iri ne: mai lamba 304 yawanci mayen ƙarfe ba ya kama shi, mai lamba 430 kuwa yana kamawa, kuma ya fi saurin yin tabo. Dukansu suna ƙyalli a hoto.

Akwai abin da ke sa mutane su zubar da murhu mai kyau a banza. Su ɗaga murfi su ga wani baƙin abu yana ɓarewa daga ciki kamar fenti, yana zubowa kan abinci. Ba fenti ba ne, hayaƙi ne da maiƙo suka taru suka ƙone suka yi ɓawo. Ruwan ɗumi da sabulu da abin kankara sun ishe shi. Ni kaina ba na taɓa shafa fenti a cikin kwando ko cikin murfi, daga waje kawai, shi ma sai fentin da ke jure zafi.

Darasin da ya fi shiga jikina kuwa, gizo-gizo ne ya koya mini. Na taɓa gyara wani murhu, na goge shi tas, na canza masa raga, na kunna shi na minti ɗaya na ga ya kama, na sayar wa wani dattijo. Kwana uku sai ga wayarsa.

"Yaro, wannan abin naka wuta yake fitarwa ta wajen maɓalli. Har robar ta narke."

"Subhanallahi! Baba, don Allah a rufe tukunyar gas ɗin, kada a sake kunnawa. Ga ni nan zuwa."

Na je jikina na rawa. Da na cire bututun wutar na haska fitila a bakinsa, inda gas ke haɗuwa da iska kafin ya kai ga ƙananan ramukan, sai ga wani farin dunƙule kamar auduga. Sheƙar gizo-gizo ce. Murhun da ya daɗe a ajiye, ƙwari kan shiga wannan bututu su yi gida. Idan hanyar ta toshe, gas ɗin ba ya samun wucewa gaba, sai ya dawo baya ya fito ta ƙofar iska, ya kama wuta a ƙarƙashin maɓallan, daidai inda hannun mutum yake. Na wanke wajen murhun nan har yana ɗaukar hoto, amma cikin bututun da bai fi tsawon hannuna ba ban leƙa ba. Dattijon bai ɗaga mini murya ba, kallona kawai ya yi, ni kuwa da ma zagina ya yi. Na canza masa bututun da maɓallin daga aljihuna.

Yanzu kowane bututu sai na zare shi, na zura siririn buroshi ciki, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da waya. Ba na amfani da tsinken itace, yakan karye a ciki. Daga nan sai gwajin kumfa: a haɗa sabulu da ruwa, a buɗe tukunya alhali maɓallai suna rufe, a shafa a tiyo da duk wata mahaɗa. Inda kumfa ta fara kumbura, nan yoyo yake. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, ya taru a cikin akwatin murhu yana jiran tartsatsi. Asalinsa ma ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa don hanci ya ji. Tiyon da ya fara tsagewa ba na ɗaure shi da roba, yarwa nake yi. Kuma sai na tabbatar wane irin gas aka yi murhun dominsa, don mai aiki da gas ɗin tukunya da mai aiki da gas ɗin da ake jawowa gida ta bututu, ƙofofin fesa gas ɗinsu ba girma ɗaya ba ne, ba a musanya su da ka.

Wani lokacin kuma ciwon ba ciwo ba ne. Sau da yawa an sayar mini da murhu a araha wai ba ya zafi, wutar ta yi ƙasa. Yawancin na'urorin daidaita gas na zamani suna da abin da ke rage gudu in ya ji gas na fita da ƙarfi fiye da kima, don yana zaton tiyo ne ya fashe. Wanda ya buɗe tukunya alhali maɓalli na buɗe, shi ke tayar da shi. A rufe komai, a kwance na'urar, a jira ɗan lokaci, a mayar, a buɗe tukunyar a hankali, shi ke nan. Na farko da na samu haka na yi shiru na saya, raina kuma bai kwanta ba. Yanzu nakan faɗa wa mai shi. Wasu su fasa sayarwa, wasu su ce ɗauka dai, sun gaji da shi.

Batun riba gajere ne. Kafin in taya, nakan ƙirga abin da raga da bututu da tiyo za su ci, in ɗora yinin da zan ɓata ina kankarar maiƙo. Murhun da ba a samun kayan gyaransa, ko kyauta aka ba ni ba na ɗauka, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Mai saye in ya zo, murfi yake fara shafawa, kamar yadda na yi. Nakan bar shi ya gama, sannan in ce ya buɗe murfin, don ba a kunnawa a rufe. In cire ragar, in kunna bututun ɗaya bayan ɗaya, mu tsaya minti goma muna kallo. Na fi son a zo da yamma, lokacin ake ganin wutar sosai: shuɗiya, a jere daga wannan baki zuwa wancan, sai ɗan rawaya a can ƙarshen harshenta. In wani wuri ya yi rawaya yana lilo, sai in rufe tukunya in ce masa ya dawo gobe.