Ranar da muka sauka Ingila da yara uku

Maigidana ya samu gurbin digiri na biyu a Bradford, can arewacin Ingila, muka tattara da yara uku muka bi shi a watan Janairun 2023. A lokacin ana barin ɗalibi ya tafi da iyalinsa. Daga Janairun 2024 ne gwamnatin Birtaniya ta rufe wannan ƙofa, in ban da masu karatun bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. Kafin tafiya mun yi gwajin tarin fuka a Abuja, mun biya wa kowa kuɗin kiwon lafiya har da jaririyar da nake goyo, na ɗauka wahala ta ƙare ke nan.

Daga Kano muka yi sammako a mota zuwa Abuja, muka kwana gidan 'yar'uwa, washegari kafin asuba muna filin jirgi. Akwatunana cike suke da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Kilishin da Inna ta sa aka yi mana dole muka bar shi, don doka ta hana shiga ƙasar da nama ko madara daga irin ƙasashenmu. Tafiyar sa'a shida da wani abu ce zuwa Landan, amma jaririyar ta yi ta kuka saboda kunne, yayanta kuwa ya ƙi taɓa abincin jirgi.

Abin da ya fara rikita ni rana ce. Muka gama layin duba fasfo, muka kwashi kaya muka fito, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, gari ya fara duhu. Na ce, "Abban yara, agogon nan daidai yake kuwa?" Ya ce daidai yake, magariba ce ta yi. A hunturun Ingila azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa, tsakaninsu ba nisa. Sanyin kuma ba irin namu na hunturu ba ne mai bushe leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga ya zauna a ƙashi. Rigunan sanyin da na sayo a Kantin Kwari ko gezau ba su yi masa ba.

Daga nan sai doguwar bas zuwa arewa, wajen sa'a biyar, yara sun zube a jikinmu. Dare ya yi nisa muka isa.

Gidan da muka kama haya ta intanet ɗaya ne daga cikin jerin gidajen dutse masu manne da juna. Muka buɗe ƙofa, ciki ya fi waje sanyi. Gado da katifa akwai, amma ba bargo, ba zanin gado, ba tukunya, ko cokali babu. Mitar iskar gas ta biya-kafin-amfani ce, kuma ba ko sisi a cikinta, don haka na'urar ɗumama ɗaki ba ta tashi ba. Na shiga bayi da yaro, na duba hagu da dama, babu buta. Sai da na yanke bakin gorar ruwan da muka sha a bas.

Nan ne gajiyar gaske ta sauko mini. A gida, matafiyi in ya iso, kafin ya cire takalmi an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, maƙwabta na shigowa da "sannu da hanya". A nan ni ce baƙuwa, ni ce kuma uwar gida da yara ke kallo suna jiran tuwo. Na zauna a kan akwati na yi hawaye, ban ɓoye wa kowa ba.

Maigida ya kira wani ɗan Zariya da aka ba shi lambarsa tun a Kano, bai taɓa ganinsa ba. Ba a jima ba ya yi sallama, shi da matarsa, da barguna, da ƙaramar hita ta lantarki, da kula cike da shinkafa da miya, da buta sabuwa. Matar ta karɓi jaririyar daga bayana ta ce, "Sannu 'yar'uwa, ci abinci tukuna, komai sai da safe." Shi kuma ya ja maigida zuwa shagon wani Bafakistane da bai rufe ba, suka sa kuɗi a katin gas. Mu biyar muka kwana a ɗaki ɗaya da rigunanmu na tafiya.

Da safe suka dawo suka nuna mana gidan waya inda za mu karɓi katin izinin zama, da asibitin unguwa da ake rajista, da masallaci, da mahautan halal, waɗanda Bradford ba ta rasa su ba.

Yanzu duk wanda na ji zai iso da iyali, nakan roƙi a ba mu makullin gidan tun ana gobe. Mu kunna ɗumi, mu shimfiɗa gado, in ajiye buta a bayi, in ɗora tukunya. In kuma bai riga ya yanki tikiti ba, nakan ce ya nemi jirgin da zai sauka da safe, ya kuma sa rigunan sanyin yara a jakar hannu, kada ya tura su cikin manyan akwatuna.