Tambarin da ke jikin cakulan da mutumin da ke cikin gonar

Duk wanda ya ga ɗan kwaɗon nan kore na Rainforest Alliance ko tambarin Fairtrade a jikin cakulan zai ɗauka shikenan, manomin ya samu haƙƙinsa, ba yaro a gonar, ba dajin da aka sare. To ni aikina kenan, ina cikin masu zagaya gonakin koko, wato ƙwayar da ake yin cakulan da ita, da tablet muna cike fom kafin odita na waje ya zo, kuma gaskiya tambarin ba ƙarya ba ne amma abin da idonsa ke gani kaɗan ne ƙwarai.

Baki ne ya samo min aikin. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, ina jin Twi ina jin Hausa, kuma in ka shiga ƙauyukan Tepa da Goaso har ka dangana da Sefwi, da yawa cikin waɗanda za ka tarar riƙe da adda ba su ne masu gonar ba, 'yan arewa ne, Kusasi, Frafra, Dagarti, Mosi daga Burkina, kuma Hausa ce ke haɗa mu da yawancinsu. Abusa suke yi, wato mai gona yana zaune a Kumasi ko Accra, shi kuma wannan bawan Allah shi ne shara, shi ne feshi, shi ne tsinka da fasawa, ya tara ƙwayar ya lulluɓe da ganyen ayaba kamar kwana shida tana tsimuwa yana juyawa, ya kwashe ya shanya a kan tabarmar gora yana tsince mara kyau da hannu, in an sayar a raba uku ya ɗauki kashi ɗaya. Amma sunan da ke cikin littafin awo da rajistar ƙungiyar manoma na mai gona ne. Shi ake kira taron horarwa, lambarsa ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ce bonas ɗin da tambarin ke kawowa ke faɗawa.

Wani dattijo a wajen Goaso, bayan mun gama zagaya gonar, ya ce min "Malam, don Allah wannan bonas ɗin da nake ji ana faɗa, a wace tasha yake sauka ne?" Na ce Baba ai an biya tun bayan kaka. Ya yi dariya kawai ya nuna min takalmin roba da abin rufe hanci da aka raba don feshi, suna rataye cikin ledarsu fil, mai gona ya ce kar a taɓa sai ranar da baƙi za su zo.

Kuɗin ma in ka lissafa ba wani abin a zo a gani ba ne. A Ghana COCOBOD, hukumar koko ta gwamnati, ke yanka farashin buhu mai kilo 64 kowace kaka, ko kana da satifiket ɗin tambarin ko ba ka da shi kuɗin buhunka ɗaya, bambancin sai ɗan ƙarin da ake ɗorawa. Fairtrade ta kai nata ƙarin dala 240 a kan tan a 2019, tan kuma buhu 16 ne, kenan dala 15 a buhu, shi ma ƙungiya ake ba ta zauna ta yanke ko rijiyar burtsatse ko aji ko a raba. Kuma ba duk kokon da ke da satifiket ake saye da sunan satifiket ba, in kamfanonin cakulan ba su nema ba haka zai tafi kamar na kowa, wahalar cike fom ta tashi a banza. Ghana da Kodebuwa da ke noma kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya sun haɗa kai a 2019 suka ɗora dala 400 a kan tan, sai masu saye suka riƙa zaftarewa ta wani gefen. Da farashin duniya ya haura dala 10,000 a kan tan a 2024 manomi a nan bai gan shi yadda ya kamata ba don an riga an sayar da kokon tun kafin a girbe, shi ya sa buhuna suka dinga tsallaka boda zuwa Togo da Kodebuwa, wasu kuma suka miƙa gonakin ga 'yan galamse, masu haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba.

Ba wai babu amfani ba fa. Kuapa Kokoo, ƙungiyar manoman koko da aka kafa a garin nan a 1993 ta samu Fairtrade a 1995, har manomanta suka mallaki hannun jari a kamfanin Divine Chocolate na Ingila. Kuma na ga ƙauyukan da aka daina wanke injin feshi a rafin da ake sha, wannan horarwar ce ta kawo.

Maganar yara ita ce ta fi ɗaure kai. Tun 2001 manyan kamfanoni suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin-Engel cewa za su kawar da bautar da yara, amma binciken cibiyar NORC ta jami'ar Chicago da ya fito a 2020 ya samu yara kusan miliyan 1.56 suna aikin koko a Ghana da Kodebuwa. Fom ɗinmu yana tambaya ko yara na aiki a gonar, kowa ya haddace amsar, a'a. Amma mai abusa da kashi ɗaya cikin uku da me zai biya lebura lokacin fasa koko? Ɗansa zai kira, ya ɗora masa kwando. In makaranta na kusa kuma akwai malami a ciki za ka ga yaron a aji, in tana da nisan tafiya za ka gan shi da adda, ni abin da na fi dubawa kenan yanzu ba amsar baki ba.

Wani abin da masu saye a Turai ba su cika sani ba, kokon Ghana ana auna ingancinsa a ɗinke buhu da hatimi ya bi ta Kaase ko Tema ko Takoradi, amma a masana'anta sau da yawa gauraya shi ake da wanda ba shi da satifiket, lissafi kawai ake riƙewa a takarda, ka sayi tan goma mai tambari ka buga tambari a cakulan na tan goma. Ƙa'idar masu ba da tambarin ta yarda da haka.

Yanzu kuma ga dokar Tarayyar Turai ta 2023 da ta ce ba za a shigar da kokon da aka sare daji aka shuka bayan ƙarshen 2020 ba, an ɗage fara aiki da ita amma mu tuni aka tura mu ɗaukar taswirar gonaki da GPS. Wa ke nuna min iyaka? Mai abusa, shi ya san daga wace bishiya zuwa wane rafi, mai gonar wani lokacin sai ya bugo masa waya ya tambaya. Na fara rubuta sunan mai kula da lambarsa a gefen na mai gona, na kai maganar ofis a raba bonas ɗin uku kamar yadda ake raba kuɗin buhu. Wasu masu gonar sun yarda, wasu sun ce atafau, wai in sunan baƙo ya shiga kwamfuta gobe 'ya'yansa za su ce ƙasar ubansu ce. Maganar tana gaban shugabannin ƙungiya, sun ce sai babban taro.