Cokali ɗaya a gefen kwano: inda na kai bayan mako 12

Ƴan'uwana masu koyon girkin yara, assalamu alaikum. Tun farkon ɗari na yi muku alkawarin zan riƙa rubuta duk abin da na gwada a madafata a nan Tawa, wanda ya yi da wanda bai yi ba, don haka ga bayanin mako 12 kamar yadda na tattaro shi daga ɗan kayen da nake rubutu a ciki kowane dare. Wanda ake wannan hidima dominsa shi ne autana mai shekara 4, wanda a lokacin da na fara, abincinsa bai wuce farar shinkafa da mai, da taliya, da burodi da shayi, da fanke, da kunun safe, da fura idan an cika mata sukari ba. Duk abin da ya ga kore a cikinsa sai ya ture kwanon ya ce an sa masa ciyawa.

Mako na 1 da na 2

Da ɓoyo na fara, kamar yadda na san da yawa daga cikinku suka fara. Na daka busasshen zogale, wanda wasunmu ke kira tamaka, na tankaɗe, na zuba cokali biyu a kunun safe ina ganin dabara ta ƙare a kaina. Kunun ya sauya launi, ya ɗauki ɗaci, yaron ya kurɓa sau ɗaya ya furzar, daga nan kuma ya yi kwana biyar ko kunun da babu komai a ciki ba ya karɓa sai ya leƙa kofin ya sansana. Garin neman ƙiba na samo rama, domin abin da yake sha da ma na raba shi da shi, kuma na koya masa zargin hannuna.

Kakarsu da ta ga ana ta fama sai ta ce, “Ƴar nan, wannan duk shagwaɓa ce. Ki danne shi ki yi masa ɗura kamar yadda muka yi wa ubansa.” Na ce, “Inna, ki yi mini haƙuri a kan wannan, ina tsoron ya shaƙe.” Tsoron nawa kuwa yana da dalili, domin yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma ko da an tsira daga wannan, ya riga ya haɗa abinci da azaba a ransa.

Mako na 3

Kafin in ci gaba da gwaje-gwaje na kai shi asibitin unguwa don in san ko tsirfa ce kawai ko tamowa ce ke tafe, kuma ina roƙon kowace daga cikinku ta fara da wannan mataki. Malamar asibiti ta ɗaura masa zaren awon dantse, irin wanda ake amfani da shi ga yara daga wata 6 zuwa wata 59. Zaren launi uku gare shi: ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.5, kore kuma abin da ya haura haka. Nasa ya faɗa kore sosai, nauyinsa ma yana kan hanya, sai dai ta buɗe fatar idonsa ta duba tafin hannunsa ta ce in kula da abincin da ke ƙara jini. Yaron da awonsa ya faɗa ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina cin abincin da ya fi so, ba dabarar girki yake buƙata ba, magani yake buƙata a ranar.

A wannan mako ne na fahimci cewa gudun baƙon abinci ɗabi'a ce da ke tsananta tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma masana abincin yara sun ga cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 8 zuwa 15 kafin ya saba da shi. Ni kuwa da na duba kayena, ban taɓa wuce sau biyu ba nake yanke hukuncin cewa ba ya so.

Mako na 4 da na 5

Kwana uku ban sauya komai ba, ido kawai na sa ina rubuta duk abin da ya shiga bakinsa daga safe zuwa dare, kuma abin da na gani ya ba ni kunya. Babansu kan miƙa masa dala biyar idan zai fita, Inna ta ƙara masa dala biyar da hantsi, mai tebur kuwa yana nan ƙofar gida da alawa da biskit da lemon leda. Kafin azahar ya sha zaƙi sau uku ko huɗu, ga ragowar shayin babansu da yake lashewa. Yaron da nake cewa ba ya cin abinci, ashe da cikinsa a toshe yake zuwa gaban kwano.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, kuma idan an iya rage shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ban kai wa maigida wannan lissafi ba, alawar yini ɗaya kawai na tara masa a faranti bayan sallar isha'i. Ya daɗe yana kallonta, sannan muka daidaita cewa kuɗin safe za su riƙa shiga asusun gwangwani, a saya masa ayaba ko ƙwai da su. Inna ta fi wuyar sha'ani, kuma har yau takan zarce wani lokaci, amma ta yarda ta mayar da kyautarta bayan abincin rana.

Na kuma ɗauki tsarin wata masaniyar abinci ta Amurka, Ellyn Satter, wadda ta raba aikin gida biyu: uwa ce ke zaɓar abin da za a ci da lokacin ci da wurin ci, yaro kuma shi ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Na tsayar da ci uku da ɗan abin taɓawa biyu, tsakaninsu ruwa kawai. Abin da na ƙara daga wajena shi ne raba masa kwano. A gidajenmu yara kan haɗu a kwano ɗaya, kuma mai yanga ko mai sanyin hannu kafin ya gama shawara yayyensa sun share, uwa kuma ba ta san me ya ci ba. Yanzu yana zama tare da su a tabarma ɗaya, amma da ɗan kwanonsa a gabansa.

Mako na 6 zuwa na 8

Nan ne aikin hannu ya yi yawa, kuma nan na fi jin daɗin koyon. Na so in gyara kunun da na ɓata, amma a wannan karo ba tare da sauya masa launi ba. Na ɗauki misali daga garin kunun yara mai suna Misola, wanda aka faro a Fadan Gurma ta Burkina Faso a 1982, mai gero kashi 60, waken suya 20, gyaɗa 10, sukari 9 da gishiri 1. Nawa awon da gwangwanin madara nake yin sa: gero 6, waken suya 2, gyaɗa 1, sukari kuwa ban sa a garin ba, dabino biyu nake jiƙawa in dama a tukunya.

Karon farko na ƙona shi, saboda na haɗa su duka a kasko ɗaya, gyaɗar ta yi baƙi tun waken bai fara ƙamshi ba. Kowane sai an soya shi daban a wuta marar ƙarfi. Gero ana surfa shi sama-sama a wanke a shanya, sannan a soya har ya fara ƙamshi. Waken suya shi ya fi cin lokaci, sai ya yi ja ya daina ƙarnin nan nasa, sannan a ɓarza a sheƙe ɓawon. Gyaɗa kuwa a tray nake baza ta in tsince ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko ta yi baƙi in zubar, domin irin wannan ce ke ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wajen niƙa ina roƙon mai inji ya fara zuba ɗan gero ya wanke bakin injin, don ranar da na manta, garin ya dawo da yajin tonkar wata, aka yi asarar rabin tiya.

Yaron ya fi son kunu mai ruwa-ruwa, ni kuma na san idan na tsinka shi da ruwa, ruwan zai cika masa ciki ba abinci ba. Maganin wannan na same shi a tsiro. Ana jiƙa gero ya kwana, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu zuwa uku har ya fito da ƴan saiwoyi, sai a shanya ya bushe ƙarau, a murje saiwar da tohon a fece su, a niƙa. Idan kunu ya yi kauri har ludayi na tsayawa, sai a sauke ya ɗan huce, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali na garin tsiron a juya. Ina tsaye ina kallo cikin ƴan mintoci kunun ya saki ya koma abin kurɓa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, domin tsiron na narkar da sitacin geron, har da ɗan zaƙi yake ƙara masa. Sai a mayar wuta ya sake tafasa. Wannan kunu ya karɓa tun rana ta biyu.

Wata daga cikinku ta tambaye ni a kan geron Chakti, wanda cibiyoyin binciken noma na ICRISAT da INRAN suka fitar a Nijar a 2018 saboda yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikinsa. Ban samu na ci a kasuwa ba tukuna, amma na aika wa ƙanena da ke noma ya nemo mana iri kafin damina.

Mako na 9 da na 10

Kayan garka sun yi araha, kasuwa ta cika da karoti da shu, wato kabeji, da salati da tumatur da albasar Galmi, sai na shiga abin da nake kira cokali ɗaya. A gefen shinkafarsa nake ajiye cokali ɗaya na sabon abu, a fili inda zai gan shi, ba na roƙo, ba na alkawarin alawa, idan an gama in ɗauke kwanon ba tare da na ce uffan ba. Yin shirun nan ya fi suyar waken suya wuya. Karoti ya ci a karo na 6, kuma ɗanye ya fi so, an yanka shi siriri a tsaye. Kabewa sai a karo na 11, bayan na daina dafa ta lugub na koma yanka ta ƙanana ina soyawa da albasa da ɗan man gyaɗa, wanda da ma ganye da kayan lambu masu ruwan ɗorawa suna buƙatar maiƙo kafin jiki ya amfana da bitamin A da ke cikinsu.

Zogale kuwa ta wata hanya ya shigo. Ranar wata Juma'a ina zage ganye don dambu, sai ya zo ya tsuguna kusa da ni, na miƙa masa reshe ɗaya na ce ya taya ni. Ya zauna yana tsinke ganyen ɗaya-ɗaya da ƴan yatsunsa yana tarawa a murfin kwano, rabi a murfin rabi a ƙasa, ya ce kada in haɗa nasa da nawa. Na dafa nasa a ƙaramar tukunya, na tsane, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatur, na matsa lemon tsami. Da aka zauna ci sai ya ce wa yayarsa, “Yaya, wannan nawa ne, ni na yi.” Ya kai loma biyu, ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya bar sauran. Inna ta buɗe baki za ta yi guɗa na ƙifta mata ido, domin na lura idan aka cika yabo, washegari sai ya mayar da cin abin ciniki.

Abubuwa biyu na gyara a dahuwar ganye. Na rage kanwa ƙwarai, saboda tana kashe bitamin C da B1 ko da yake tana sa ganye laushi da kyan launi, kuma na koma shanya zogale a inuwa maimakon rana. Shayi ma na nisanta shi da abinci da aƙalla awa ɗaya, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake, lemon tsami kuwa taimaka masa yake yi.

Mako na 11

Mura ta kama shi, aka kuma yi bikin suna a maƙwabta, ya koma shinkafa da mai da lemon leda har kwana shida. Ban yi faɗa ba, kunu da ruwa kawai na matsa masa.

Mako na 12

Ya dawo kan karoti da kabewa ba tare da an sake lissafi daga farko ba, abin da ya kwantar mini da hankali sosai. OMS ta ce a 2023 yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da ƴaƴan itace a yini, don haka na ari sikelin maƙwabciyata mai sayar da gari na auna na kwana uku. Ranar da ya fi ci bai kai rabin wannan ba, kuma ayaba ce ta ɗauki mafi yawan nauyin. Shu an kai karo na 13 bai ko taɓa shi ba, miyar kuka kuwa yana dangwala tuwo a bakin kwano ne kawai yadda ba za a ce bai ci ba. Cuku yana ci idan an gasa shi, kifin Tabalak kuma na fara gwada shi jiya, na zare ƙaya na marmasa a gefen shinkafa, ya ture shi da bayan cokali.

A mako huɗu masu zuwa zan bar shu ya huta in koma kan yakuwa da rama, in kuma gwada ɗan wake da garin kuka a ciki, tunda siffarsa ta yi kusa da taliyar da yake so. Wadda ta taɓa ajiye garin kunu mai gyaɗa a lokacin zafi ta faɗa mini kwana nawa yake yi kafin ya fara warin mai, domin bazara ta matso, kuma ina shawarar in rage awon zuwa rabi in riƙa niƙawa duk mako biyu.